Wanda Aka Yi Wa Sadakar Arba'in

SHAFI NA 23

Masu turo min saƙo cewa na rataye ku, ku yi haƙuri, wuta ce ta guje mana a unguwa, sai yau na samu na yi caji. Hajiya Jannat ta Dabawa, na ga addu'arki, Allah Ya bar zumunci. Mu koma wurin Batula.

* * *

Tun daga nesa Batula ta lura fuskar Baffa Hamma ta canza.

Yana tsaye a bakin shingen gandun dajin Fadamar Kanya, malfa a ka, sanda a kafaɗa. Da ya hango mayafinta murmushi yake yi. Da babur ya matso ya ga wanda ya ɗauko ta, ya ga bindigar da ke rataye a bayansa, sai murmushin ya ɗauke.

Baffa Hamma shi ne mai gadin gandun, dattijon Bafulatani da ya daɗe da sayar da shanunsa. Shi yake zagayawa da ita duk lokacin da ta zo duba tsuntsayen ruwa don aikin kammala digirinta. Shi ne kuma ya aika mata ta bakin wani mai kifi a kasuwar Dutsin-Ma cewa gauraki sun dawo fadama, ta zo ta gan su.

Ya ce ta zo ita kaɗai.

Wannan ne ba ta faɗa wa mijinta ba. Ta san Atiku ba zai bar ta ta bi hanyar Rawayau ita kaɗai ba, ko da a bakin ruwan ake raba digirin. Tun da 'yan bindiga suka kashe ƙanensa Misbahu a ƙauyensu na Unguwar Manu, ya shiga aikin sa-kai, kuma ko masallaci zai je sai ya waiga bayansa.

Suka gaisa. Baffa Hamma ya tambayi mutan gida da gajiyar hanya, amma idonsa yana kan bindigar. Daga nan ya ce kwale-kwalen mutum biyu yake ɗauka, kuma doka ta hana shiga ruwan da makami.

Atiku ya kalli fadamar. Ruwan damina ya cika ta har ya taɓa gindin itatuwa, ciyawar kacala kuma ta fi tsawon mutum.

"Wato in zauna nan, matata ta shiga inda ba na ganinta?"

"Ɗiyata ce," in ji tsohon. "In wani abu ya same ta, ga wuyana."

Batula ta roƙe shi a hankali. Ta ce ba za su daɗe ba, hoto kawai za ta ɗauka. Ya kaɗa makullin babur, sannan ya ce ta je, amma in ya ji shirun ya yi yawa zai biyo su ko ta ina ne. Ya zauna a gindin wata tsamiya, bindigar a kan cinyarsa.

Suka shiga ruwa.

Furen bado ya rufe ko'ina, fari da shuɗi, kwale-kwalen yana ratsa shi a hankali. Kirinjijiya suna ta fito a kan wani tudu. Wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, ko motsi bai yi ba da suka gifta shi. A da, wurin nan ne kaɗai Batula take jin ƙirjinta ya saki, don nan babu mai yi mata zancen wa aka ɗauke, wa aka sako.

Yau ba ta ji haka ba.

Baffa Hamma mutum ne mai surutu a kan ruwa. Ba ya wuce tsuntsu bai ba ta labarinsa ba. Yau tura gorarsa kawai yake yi, bakinsa a rufe.

Can ta hango su a hagu. Gauraki biyu, tukkunsu yana sheƙi a rana, suna taku cikin ruwa mara zurfi. Ta ɗaga wayarta. Kwale-kwalen bai tsaya ba.

"Baffa, ga su can mun wuce su."

"Na gan su."

Ya karkata ya shiga wata siririyar hanya a cikin kacala, hanyar da ba su taɓa bi ba. Ciyawa ta rufe bayansu. Ta waiga, babu tsamiya, babu Atiku.

Sai maganar nan ta dawo mata: ta zo ita kaɗai. Ta tuna mutane nawa aka ɗauke a ƙasar nan ta hannun wanda suka sani, wanda suka ci abinci tare. Ta ji kunyar wannan tunani a kan mutumin da yake kiranta ɗiyarsa, amma tunanin bai bar ta ba.

"Baffa, ina za mu?"

"Ba don tsuntsu na kira ki ba, ɗiyata."

Ta riƙe gefen kwale-kwalen.

"Ka mayar da ni."

"Zan mayar da ke, wallahi. Ki ba ni kaɗan. Abu ɗaya nika roƙonki, duk abin da kika gani, kada ki ɗaga murya."

Kafin ta sake magana ciyawar ta buɗe. Ga wani ɗan tsibiri, itatuwan kanya sun yi masa rumfa, ga bukka, ga hayaƙin bandar kifi yana tashi. Wani mutum yana zaune ya ba su baya yana gyaran taru, ƙafarsa ɗaya a miƙe. Ramamme ne, gashi ya cika masa kai.

Baffa Hamma ya yi sallama. Mutumin bai juyo ba. Sai da ya sake yi da ƙarfi, ta ɓangaren hagu, sannan ya ajiye tarun.

Hannun ta fara gani. Ɗan yatsan tsakiya guntu ne, wanda sarƙar babur ta cinye tun tana 'yar firamare. Ita ta riƙe masa kwanon ruwan zafi ranar da Inna take wanke ciwon.

Ya juyo.

"Yaya!"

Ba ta san ta yi ihun ba sai da ta ga sama ta cika da tsuntsaye. Kirinjijiya, balbelu, duk abin da ke fadamar ya tashi lokaci ɗaya.

Baffa Hamma ya dafa kai ya yi salati.

Zubair ne. Yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya, bakaniken babur a Dutsin-Ma, wanda aka tare a hanyar Kurfi damina uku da suka wuce. Waɗanda suka ɗauke shi da bakinsu suka kira suka ce ya mutu a daji. An yi zaman makoki, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Ita da kanta ta soya wainar.

Ba ta san yadda ta fita daga kwale-kwalen ba. Ta dai ga kanta durƙushe a gabansa, zanenta jiƙe, tana taɓa hannunsa, tana taɓa kafaɗarsa. Shi kuma hawaye kawai yake yi, yana kiran sunanta a hankali.

Da numfashinta ya dawo ta tambaye shi tun yaushe yake nan. Baffa Hamma ne ya amsa. Ya ce bara ya tsince shi a cikin kacala, harsashi a cinya, tsutsa ta fara shiga ciwon. Gudowa ya yi suka harbe shi. Ya yi jinyarsa da abin da ya sani, masunta kuma ya ce musu ɗan ƙanwarsa ne, sunansa Alu.

Batula ta saki hannun yayanta.

"Tun bara?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun bara kana nan, Yaya, Inna tana can ko abinci ba ta ci sai an yi da gaske? Ka san idonta ya kusa tafiya? Ka san har yau in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta miƙe?"

"Na ji ba ta da lafiya. Shi ya sa na ce a kira ki."

"Me ya hana ka zuwa da kanka?"



Baffa Hamma yana tsaye a bakin ruwa yana kallon arewa. Ya ce su gaggauta, ihun nan ya kai tsamiya. Ta cikin kurmi akwai mashigi inda ruwa bai wuce ƙirji ba, kuma mijinta ɗan yankin ne, ya san shi.

Zubair ya ɗago.

"Mijinki? Kin yi aure?"

Ya dubi tsohon. Tsohon ya kawar da kai, ya ce da ya faɗa masa da tuni ya gudu daga nan, kuma ƙafar ba za ta kai shi ko'ina ba.

"Wa kika aura, Batula?"

"Ka san shi. Atiku. Yayan abokinka Misbahu."

Ta ɗauka zai yi murna. Shi da Misbahu a gareji ɗaya suka koyi aiki, kwano ɗaya suke ci. Da aka ce Zubair ya mutu, Misbahu ya fi kowa kuka. Bayan 'yan watanni aka kashe Misbahu, su Inna suka je ta'aziyya Unguwar Manu, Atiku ya zo godiya, ya sake zuwa gaishe da Inna, daga nan zumuncin makoki ya zama aure.

Zubair bai yi murna ba. Ya ja baya har ya jingina da bukkar.

"Yaya, mene ne?"

"Baffa, ka mayar da ita."

"Babu inda za ni. Ka faɗa min."

Zubair ya dubi ƙasa. Da ya fara magana, muryarsa ta yi sanyi, kamar labarin wani yake bayarwa.

Ya ce ba su kashe shi ba ne saboda ya iya gyaran babur. Suka ɗaure shi a gindin itace yana yi musu aiki, suka ce wa gida ya mutu don kada a neme shi. Wata rana babbansu ya kira shi ya ce ya ji labari ya san Unguwar Manu, yana zuwa yawon Sallah can. Yana so ya nuna musu hanyar da ba ta bi ta wurin 'yan sa-kai.

Ya ƙi. Suka kawo wani manomi da suke tsare da shi, suka harbe shi a gabansa, suka sake tambayarsa.



"Na ce wa kaina shanu kawai za su kora," in ji shi. "Ni na ja su. Ni ne a gaba."

"Yaya, ka yi shiru."

"Da la'asar muka shiga, ana fitowa daga masallaci. Rawanin da suka naɗa min ya zame. Misbahu ya gan ni."

"Na ce ka yi shiru."

"Bai gudu ba, Batula. Kowa yana gudu, shi kuma ya nufo ni. Dariya yake yi. Ya ɗauka sako ni aka yi. Ya kira sunana."

Ya ɗaga hannu ya taɓa kunnensa na dama.

"Wanda na goya a bayan babur ya ɗora bindiga a kafaɗata, ya harbe shi. Tun ranar kunnen nan bai sake ji ba."

 Tsuntsayen sun fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Kitsen kifi yana ɗiga a wuta.

Batula ta zauna a ƙasa. Ta san abin da Atiku yake nema, don da shi take kwana, da shi take tashi. Ba wanda ya yi harbin ba. Ya sha faɗa mata cewa ɗan bindiga ɗan bindiga ne, Allah zai haɗa su. Wanda yake nema shi ne wanda ya nuna hanya, don hanyar nan sai wanda ya ci tuwon garinsu ya san ta. Ya yi rantsuwa a gaban mahaifiyarsa, da Alƙur'ani a hannu, cewa ba zai bar shi da rai ba. Akwai mutum biyu a ƙauyen da har yau ba ya amsa sallamarsu saboda zargi.

Ta dafa ƙaramin cikin da ke jikinta. Atiku ya riga ya ce in namiji ne sunansa Misbahu. Yaron da Misbahu baffansa ne, Zubair kuma kawunsa.

Zubair ya ce ba wai ya kira ta don ta ɓoye shi ba ne. Ya gaji da zama gawa. So yake ta shirya Inna a hankali, ya gan ta sau ɗaya, ta yafe masa, daga nan ya miƙa kansa ga hukuma su yi masa abin da shari'a ta ce. Abin da yake tsoro shi ne ya faɗa hannun 'yan sa-kai kafin ya ga Inna. Bai san ɗaya daga cikinsu ya zama surukin gidansu ba.

Daga cikin kurmi wani zalɓe ya tashi yana kuka. Sai wani ya bi shi, kusa da na farko.

"Ya shigo ruwa," in ji Baffa Hamma. "Alu, tashi ka shiga jirgi. In kai ka cikin kacala, in dawo in ce maciji ta gani."

Zubair ya girgiza kai.

"Ka shiga, Yaya."

Ita kanta ta yi mamakin jin muryarta. Ɗazu ko kallonsa ba ta iya yi. Ta miƙe ta kama hannunsa, hannun mai guntun yatsa, ta ja.

"Ba don kai ba. Don Inna. Ba zan sake soya maka wainar sadaka ba. Tashi."

Ya yunƙura. Ƙafar ta ƙi. Baffa Hamma ya shiga ƙarƙashin hammatarsa, ita ta riƙe ɗaya gefen, suka fara jansa zuwa bakin ruwa. Bai da nauyi ko kaɗan, ƙashi ne da fata, amma kowane taku sai ya cije leɓe.

Saura kaɗan su kai kwale-kwalen ciyawa ta buɗe a bayansu.

"Kada wanda ya motsa."

Atiku ne, jiƙe har ƙirji, kainuwa manne a rigarsa. Bindigar ce kaɗai busasshiya, don a sama ya riƙo ta. Yanzu ya sauke ta, bakinta yana kan bayan Zubair.

"Batula, sake shi ki zo nan."

Ba ta saki ba.

"Na ce ki zo. Tsoho, wane ne wannan? Da shi ka haɗa baki?"

Baffa Hamma ya fara cewa ɗan ƙanwarsa ne, masunci, ba shi da lafiya. Atiku ya katse shi, ya ce ba da shi yake ba, mutumin ya juyo da kansa.

Batula ta matse hannun yayanta. Ya zare shi a hankali. Ya juya.

Atiku ya runtse ido ɗaya. Ya dubi gemun, ya dubi ƙafar, ya sake duban fuskar. Bakin bindigar ya fara sauka kaɗan-kaɗan har ya kalli ƙasa.

"Zubair?"

"Na'am, Yaya Atiku."

Haka yake kiransa tun suna zuwa gida da Misbahu.

Batula ba ta taɓa ganin mijinta ya ajiye bindigar nan a ƙasa ba. Yau ya sake ta a cikin laka. Ya tako ya rungume Zubair har suka kusa faɗuwa, yana kabbara, yana kuka irin na mazan da suka daɗe ba su yi ba. Ya ce Allah Mai iko. Ya ce yau Inna za ta ci abinci. Ya riƙe fuskar Zubair da hannu biyu ya ce in ya gan shi kamar ya ga Misbahu ne, ƙanensa ɗaya ya tafi, Allah Ya dawo masa da ɗaya.

Ya juya wurin Baffa Hamma ya durƙusa ya nemi gafarar zargin da ya yi masa. 

Zubair yana tsaye hannuwansa a sake. Bai rungume shi ba.

Atiku ya tuɓe hularsa ya goge fuska. Ya ce yanzu za su tafi, a bayansa zai goya shi in ta kama. Ya sunkuya ya ɗauki bindigar yana share mata laka da gefen riga. Sai hannunsa ya tsaya.

Ya ɗago a hankali.

"Tsaya. Lokacin da aka shiga garinmu kana hannunsu."

Batula ta ce su bar wannan sai an je gida, yana da ciwo, ga rana ta yi. Atiku bai ko dube ta ba.

"Ka zauna da su. Ka ji hirarsu. Zubair, don darajar abincin da kuka ci da Misbahu, akwai wanda ya nuna musu hanya. Ka san shi?"

Tana tsaye a bayan mijinta, inda ba ya ganinta. Ta kafa wa yayanta ido, ta girgiza kai sau ɗaya. Baffa Hamma ya matso ya tsaya kusa da bakin bindigar.

Zubair ya kalle ta. Ya kalli Atiku.

"Na san shi," ya ce.